Ciwon karkarwa: motsi ya fi laɓewa

A cikin garuruwanmu akwai tsofaffi da hannunsu ke rawa ko da suna zaune ba su aikin komi. In za su tashi, tashin na yi musu wuya. In sun kama hanya, sai su sunkuya, su riƙa jan ƙafa da ƙananan taku. Iyali kan ce tsufa ne. Wasu su ce sammu ne, ko iska. Daga nan sai a shimfiɗa wa tsoho tabarma a zaure, a ce ya huta. A hana shi zuwa gona, a hana shi zuwa kasuwa, don kada ya faɗi.

Niyyar iyali mai kyau ce. Amma binciken da likitoci suka yi cikin shekaru 30 da suka wuce ya nuna cewa irin wannan hutun yana ƙara wa mai ciwon nauyi. Jikin da aka zaunar ya fi saurin sandarewa. Abin da muke so mu bayyana muku ke nan yau.

Mine ne wannan ciwo?

Likitoci suna kiran shi ciwon Parkinson. Mun rubuta sunan yadda za ku gan shi bisa takardar likita. Sunan wani likita ne na birnin Landan, a Ingila, James Parkinson, wanda ya fara bayyana ciwon a rubuce cikin shekara ta 1817. Mutum 6 kaɗai ya kawo labarinsu. Uku daga cikinsu ma bisa titi ya gan su. Tun ranar farko ke nan, da tafiya aka gane wannan ciwo.

Tushen ciwon yana cikin ƙwaƙwalwa. Can tsakiyarta akwai wani ɗan wuri baƙi, inda wasu ƙwayoyi ke yin wani sinadari da ake kira dofamin. Ku tuna da ranar gayya. Samari suna da ƙarfi, hauya na da kaifi, amma mai gangar noma ne ke daidaita musu sara. To, dofamin shi ne makaɗin da ke cikin kanmu. Shi ke ba ƙafa lokacin ɗagawa da lokacin sauka, ba tare da mun yi tunani ba. A jikin mai ciwon Parkinson, ƙwayoyin nan suna mutuwa sannu a hankali. Kafin a ga alamar farko, wajen rabinsu sun riga sun tafi. Ƙafa tana nan da ƙarfinta, makaɗi ne ya yi sanyi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekara ta 2019 masu wannan ciwo sun zarce miliyan 8 da rabi, kuma yawansu ya ninka cikin shekaru 25. Ya fi kama waɗanda suka wuce shekara 60, maza sun ɗan fi mata, amma yakan zo wa mutum tun da sauran ƙarfinsa. Muhammad Ali, shahararren ɗan damben Amurka, yana da shekara 42 aka gane ciwon a jikinsa, a 1984. Ya rayu da shi har 2016.

Ba a ɗaukar ciwon daga wani. Ku ci tuwo a kwano ɗaya da mai shi, ku kwana ɗaki ɗaya, babu komi. Kuma ba kowace rawar hannu ce ciwon Parkinson ba. Akwai wadda ke zuwa lokacin da mutum ya ɗauki moɗa ko cokali, ta lafa in ya aje. Sau da yawa wannan wata aba ce dabam. Akwai magungunan da kan jawo karkarwa su ma. Ta Parkinson ta fi fitowa in hannu na hutawa, tana farawa daga gefe ɗaya na jiki, tare da nawar motsi da sandarewar gaɓoɓi. Shanyewar ɓarin jiki kuwa farat ɗaya take faɗo wa mutum, shi ko wannan a hankali yake shigowa, shekara da shekaru. Likita ne zai rarrabe.

Akwai magani, sunansa Levodopa, ana aiki da shi tun ƙarshen shekarun 1960. Yana mayar wa ƙwaƙwalwa wani abu daga dofamin ɗin da ta rasa. Yana sassauta jiki ƙwarai, amma ba ya kashe ciwon, kuma kullum ake shan shi. Wani abin da ba ya gyarawa sosai shi ne tsayuwa daidai. Cikin masu ciwon 10, wajen 6 suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Tsoho in ya karye a ƙugu, mun san yadda labarin kan ƙare. Shi ya sa wanda ya faɗi sau ɗaya tsoro ke kama shi, ya zauna. Zaman ya cinye naman cinyarsa. Ranar da ya tashi, sai ya fi da saurin faɗuwa. Wannan zagayen ne masu bincike suka nemi hanyar yankewa.

Layi a ƙasa, ganga a kunne

A shekara ta 1967 wani likita a Landan, Purdon Martin, ya rubuta abin da ya gani wajen marasa lafiya da ƙafarsu ke kafewa. Mutum yana jan ƙafa da ƙyar. Sai a ja layuka a ƙasa, a gicciye bisa hanyarsa, kamar kunyoyin gona. Nan take sai ya riƙa ƙetara su ɗaya bayan ɗaya da cikakken taku. In an ja layin a miƙe, yana bin tsawon hanya, ba ya amfana komi. Sai wanda ya gitta.

Abin kamar dabo, amma yana da dalili. Tafiyar da muke yi ba tare da tunani ba tana bin hanyar nan da ciwo ya ɓata. Tafiyar da mutum ke yi da niyya, ido na kallo, kunne na saurare, wata hanya take bi cikin ƙwaƙwalwa. Kamar yadda in gulbi ya yanke hanya da damina, mai amalanke kan zaga ta tudu. Ta fi nisa, ta fi gajiyarwa, amma tana kaiwa gari.

Kunne ma yana yin aikin da ido ya yi. A 1996, a jihar Kolorado ta Amurka, Michael Thaut da abokan aikinsa sun ba masu ciwon kaset ɗin kiɗa mai bugu daidai. Kowace rana suna tafiya minti 30, suna sauke ƙafa bisa bugun. Bayan mako 3, saurin tafiyarsu ya ƙaru da kashi 25 bisa 100, tsawon takunsu da kashi 12. Waɗanda suka yi tafiyar ba kiɗa, ƙarin da suka samu kaɗan ne.

Daga baya aka gwada dabarar bisa mutane da yawa. A 2007 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a Ingila da Beljik da Holan, da masu ciwon 153. Ma'aikatan likita masu koya wa jiki motsi, waɗanda a nan muke kira kine, sun bi su gida har mako 3. Tafiyarsu ta gyaru, kafewar ƙafa ta ragu, tsoron faɗuwa ya ragu. Sai dai da aka koma bayan mako 6 da barin horon, an tarar amfanin ya fara zubewa. Ku riƙe wannan da kyau. Abin ba allura ba ne da ake yi sau ɗaya. Kamar ban ruwan garka ne: ranar da aka daina, ranar ganye zai fara yaushi.

Wani zai ce ai wannan aikin ƙasashen masu kuɗi ne. To, an yi shi a Afirka. A gundumar Hai, gindin dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya, likitoci sun bi gida gida cikin jama'a fiye da 160,000 suna neman masu ciwon. Mafi yawan waɗanda suka samu, ba wanda ya taɓa gaya musu sunan abin da ke damunsu. Can ma wasu na cewa tsufa ne, wasu na cewa sihiri. Aka ɗauki mutum 21 da ba su shan magani. Wani kine ya riƙa zuwa gidajensu, sau 9 cikin mako 3, kowane zuwa minti 30. Kayan aikinsa wani ɗan akwati ne mai buga ƙas, ƙas, ƙas kamar agogo. Sakamakon ya fito a 2010: takunsu ya ƙara tsawo, tafiyarsu ta ƙara sauri, har ma lokacin da suke ɗauke da wani abu a hannu. Mu a ganinmu, cikin duk binciken da muka kawo, wannan ya fi kusa da rayuwar ƙauyukanmu. Manoma ne, tsofaffi ne, ba lantarki aka yi aikin da shi ba, kuma ba ƙwayar magani ko ɗaya.

Mu kuwa bugu daidai ba baƙonmu ba ne. Akwai tafi. Akwai ƙirga ɗaya, biyu, ɗaya, biyu da babbar murya. Akwai kiɗan radiyo. Jika ma yana iya buga ƙwarya da ɗan kara, kakansa na taku bisa bugun. A fara da saurin da tsoho ke iya bi cikin sauƙi. Abin da ake nema shi ne babban taku, ba gaggawa ba. Layi kuma toka ta isa, ko gawayi bisa daɓe. A ja su a gicciye, tsakaninsu taku ɗaya cikakke na mutumin. A fi ba da ƙarfi a bakin ƙofa da lungu, don nan ne ƙafa ta fi kafewa. Kada a jera kara ko icce a madadin layi, tuntuɓe za su jawo.

Ga kuskuren da iyali suka fi yi. In ƙafar tsoho ta kafe, kamar an liƙe ta da ƙasa, sai a kama hannunsa a ja. Kada ku ja. Gangar jiki za ta tafi, ƙafa ta tsaya, sai faɗuwa. Ku bar shi ya tsaya, ya miƙe sosai, ya numfasa. Ya karkata nauyinsa dama, ya mayar hagu. Sannan a ƙirga ɗaya, biyu, uku, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya yi babban taku. Ko wani ya sa ƙafarsa a gabansa ya ce masa: ƙetara. In zai juya, ya zaga kamar mai kewaya turmi, kada ya murɗe a wuri ɗaya. Kuma tunda da hankalinsa yake tafiya, kada a cika shi da magana yana tsakiyar wuri mai wuya. Gaisuwa ta jira har ya zauna. Ba rashin ladabi ba ne.

Koyon tsayuwa

Ƴan ƙasar Sin suna da wani tsohon wasan motsa jiki da ake kira tai ci. A tsaye ake yin shi, a hankali ƙwarai. Mutum yana mayar da nauyinsa daga wannan ƙafa zuwa waccan, ya miƙa gaba, ya dawo baya, ya juya. A jihar Oregon ta Amurka, Fuzhong Li ya raba masu ciwon 195 kashi uku daidai. Kashi ɗaya suna tai ci, kashi ɗaya suna motsin ƙara ƙarfi, na uku suna miƙe gaɓoɓi kawai. Awa ɗaya, sau 2 a mako, har mako 24. Da aka ƙirga faɗuwa, masu miƙa gaɓoɓi sun faɗi sau 186, masu motsin ƙarfi sau 133, masu tai ci sau 62. An buga wannan a 2012. A birnin Sen Luwis kuma an koya wa wasu rawar tango ta ƙasar Ajantina, su ma tsayuwarsu ta gyaru.

Ba muna cewa ku nemo malamin tai ci a Tasawa ko Madawa ba. Abin lura shi ne irin motsin: jiki yana koyon kai nauyinsa bakin iyaka ya dawo da shi. Ana iya yin haka kusa da katanga ko gindin icce, hannu ɗaya a dafe. Taku gefe, taku baya, ɗaga gwiwa, miƙa hannu sama kamar mai tsinko ɗanya. Sai tashi da zama bisa kujera mai ƙarfi, sau 10, ba tare da an ɗaga shi ba. Kowane motsi a yi shi babba, fiye da yadda tsoho ke jin ya kamata. Ciwon yana ruɗin mai shi: yana jin takunsa daidai ne, alhali ya ƙanƙance.

Amma akwai kashedi, kuma daga bincike ya fito. A Ostiraliya an bi masu ciwon 231 har wata 6, yawancin motsin suna yin shi su kaɗai a gida. Sakamakon 2015 ya nuna cewa waɗanda ciwonsu bai yi nisa ba, faɗuwarsu ta ragu da wajen kashi 70 bisa 100. Waɗanda ciwon ya riga ya ci ƙarfinsu kuwa ba su samu wannan ragin ba. Alamar ma ta karkata wajen ƙarin faɗuwa. Abu biyu ke nan. Na farko, a fara da wuri, tun hannu ɗaya ne ke rawa. Na biyu, wanda ya riga ya saba faɗuwa kada a bar shi ya yi shi kaɗai. Babban mutum mai ƙarfi ya tsaya gefensa, ɗan baya kaɗan.

Sai an yi gumi?

Tambayar da likitoci suka fi sa wa ido yanzu ita ce ko motsi yana rage saurin ciwon kansa. A Amurka an ɗauki mutum 128 da ba su daɗe da gane ciwonsu ba, ba su ma fara magani ba. Wasu aka sa su tafiya mai ƙarfi bisa injin tafiya, wato wata shimfiɗar roba mai gudu ƙarƙashin ƙafa, kwana 4 a mako, har zuciya na bugawa da sauri. Bayan wata 6, a awon da likitoci ke yi wa motsin jiki, waɗannan suna kusan inda suke. Waɗanda ba a sa su komi ba sun ja baya. An buga wannan a 2018. Shekara ɗaya bayan haka, a garin Naimegen na Holan, mutum 130 sun ba da sakamako mai kama da shi: rabinsu sun tuƙa keken da ba ya tafiya, cikin ɗakinsu, minti 30 zuwa 45, sau 3 a mako. Masu binciken ba su ce sun warkar da kowa ba, mu ma ba za mu ce ba. Wata 6 gajeren lokaci ne ga ciwon da ake zama da shi shekara 15 ko 20. Amma wata 6 da mutum bai ja baya ba, riba ce.

A 2023 wasu masana suka tattara bincike 156, na mutane kusan 8,000, don su ga wane motsi ya fi. Rawa, tafiya, motsi cikin ruwa, motsin ƙarfi, koyon tsayuwa: kusan duka sun amfana, kuma bambancin da ke tsakaninsu ba shi da yawa. Wannan labari ne mai daɗi ga talaka. Wanda mutum zai iya dawwama a kai, shi ne nasa.

Mun san abin da manomi zai ce: ni da na yi shekara 50 ina duƙe bisa hauya, wa zai koya mini motsi? Gaskiyarsa. Matsalar tana farawa ranar da ɗiya suka karɓe hauyar. Tana kuma ƙaruwa da rani, bayan an kai hatsi rumbu, lokacin da ake wuni a gindin bedi wata da watanni. Saboda haka a bar wa tsoho rabonsa na aiki. Ya taka zuwa gona ko da ba zai yi noma ba. Ya kai wa tumaki harawa. Tsohuwa ta yi shara, ta yi tsintar wake, ta je barka da ƙafarta. Za su yi nawa, aikin minti 10 ya ɗauke su 30. A yi haƙuri, kada a karɓe. Abin da za a raba su da shi shi ne jan ruwa a bakin rijiya, hawan icce ko rumbu, da tsayuwa kan wuta su kaɗai.

Awon ƙarfin tafiya mai sauƙi ne: numfashi ya ɗan ƙaru, jiki ya yi ɗumi, amma mutum yana iya magana. Minti 30, kwana 3 ko 4 a mako. Wanda bai saba ba ya fara da minti 10. Da bazara a yi da sassafe ko da la'asar sakaliya, a sha ruwa. Mai shan magani ya zaɓi lokacin da maganin ya kama jikinsa. In ƙirji ya yi zafi ko ido ya yi duhu, a tsaya, a je gidan likita. Masu wannan ciwo da yawa jiri na ɗibarsu in sun miƙe da sauri, don haka in sun farka su ɗan zauna bakin gado tukuna. A tsakar gida a kawar da igiya, turke, taɓarya da kwanoni daga hanya. A kafa icce mai ƙarfi a makewayi don dafawa. Fitila ta kwana kusa da hannu. Takalmin da ba ya riƙe dunduniya, a canza shi.

Tunda shafin manoma ne, bari mu ƙara wannan. Wani bincike da aka yi cikin manoman Amurka, aka buga a 2011, ya nuna cewa waɗanda suka yi aiki da maganin ciyawa mai suna paraquat sun fi sauran kamuwa da ciwon Parkinson wajen ninki 2 da rabi. A wannan shekarar ce ƙasashen Sahel na ƙungiyar CILSS, har da Nijar, suka hana shi. In kun gan shi a kasuwa, ku wuce. Kowane irin feshi za ku yi, ku rufe hanci da hannu, ku ba iska baya, ku yi wanka bayan kun gama.

Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya kaɗan ne a ƙasarmu, yawancinsu a Yamai suke, kine kuma sai a manyan asibitocin birane. Hanyar tana farawa daga gidan likita na kusa da ku, su za su ba da takardar zuwa gaba. Ranar ganin kine, a tafi da wanda ke kwana gida ɗaya da mai ciwon, ya kalli kowane motsi, ya gwada shi da jikinsa a gaban kine, don shi zai zama malami in an koma ƙauye. A kuma sami ɗan littafi a gida. Duk ranar da tsoho ya faɗi, a rubuta kwanan wata, da wurin, da abin da yake yi lokacin, da ko ya sha magani ko bai sha ba. In an koma, likita zai duba littafin ya san ko lokacin shan magani ne za a gyara, ko kuwa bakin ƙofar ɗaki ne ke bukatar layin toka.